Hita mai bututu ko maras bututu, wacce ta dace da wane ɗaki in hunturu ya kama

Jama'a tunda sanyi ya fara saukowa bari mu yi maganar ɗumama ɗaki, don duk shekara daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu sai ka ga mutane sun bazama neman abin jin ɗumi, wani ya sayo hitar gas, wani ta lantarki, mafi yawanmu kuma kaskon gawayi ne dai abin da munka sani tun na kakanni. Mu nan Kabi sanyinmu ba irin na Turai ba ne da ƙanƙara ke zuba, amma wanda ya taɓa kwana kusa da fadama a Argungu ko bakin ruwa a Yawuri ya san in asuba ta yi zafin gari na iya sauka ƙasa da 15 a ma'auni, ga iska busasshiya mai tsaga leɓe da kaushi, tsoho da jariri kam ba su jure ta. To kafin ka fidda kuɗinka tambaya biyu nake so ka yi ma kanka: abin da wutar nan ke fitarwa ina za shi, kuma za a yi barci cikin ɗakin ko ba za a yi ba? Duk sauran bayanin da zan yi a kan waɗanga biyun yake tafiya.

Duk abin da ke ci da wuta, gas ne ko kalanzir ko gawayi ko icce, shina cin iskar oksijin da muke shaƙa, shina kuma fidda wasu iskoki. Hita mai bututu ita ce wadda anka yi ma hanya, hayaƙinta na bi ta bututu ya fita waje ta bango ko ta rufi, zafin kaɗai ke zama cikin ɗaki. Maras bututu kuwa komi da komi cikin ɗakin take sakin shi, zafin da tururin ruwa da duk wata iska da ƙonuwar ta haifar. Shi ya sa masu saida ta ke cika baki da cewa kusan kashi 99 cikin 100 na zafin gas ɗinka yana zama ɗaki ba asara, kuma gaskiya suka faɗa, sai dai ba su cika ƙarasa zancen ba, wato shi ma abin da ba ka so ɗin yana nan tare da kai. Mai bututu tana asarar wani kaso na zafi ta bututun, kamar kwata ko kusa da haka gwargwadon ƙirarta, to wannan asarar ita ce kuɗin lafiyarka.

Kuma a gane, kaskon gawayi shi ma hita ce maras bututu, ita ce ma mafi haɗari cikinsu don ba ta da wata na'ura da za ta kashe kanta. Risho da anka kunna don ɗumi, murhun gas na girki da wasu ke bari a kunne cikin ɗaki, duk layi ɗaya suke.

Iskar da ake tsoro sunanta kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari ko hawaye balle ka farga. In ta shiga huhu tana manne ma jini fiye da yadda oksijin ke mannewa sau 200 da wani abu, sai jinin ya yi ta zagayawa amma ba ya kai ma ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata. Wanda ke farke zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ƙafafu su yi nauyi, shi ko mai barci ba abin da zai ji, barcin ne kawai zai ƙara nauyi. Warin da kake ji in gas na yoyo wani sinadari ne da kamfani ke zuba ma gas ɗin da gangan don a gane yoyo, ba shi da alaƙa da wagga iskar, don haka kar wani ya ce maka ai da akwai matsala da mun ji wari.

Akwai wata magana da ta zauna ma mutane a kai wadda nake so a cire, wai in gawayi ya gama hayaƙi ya zama jan garwashi to ya huce sharri, ana iya shiga da shi a rufe ƙofa. Wallahi ba haka ba ne. Hayaƙin da kake gani da ido shi ne ma ke korarka ka buɗe taga, jan garwashin da ke ci a hankali ba hayaƙi yana ci gaba da fidda kabon monoksaid sosai, kuma in an binne shi da toka don ya kai asuba ba a rage komi ba, an dai rage mashi iska ne, ƙonuwar da ba ta samu isasshiyar iska ba kuwa ita ke fidda gubar da yawa. Gidajen da na da, ɗakin jinka ko na zana, iska na ratsawa ta ko'ina shi ya sa kakanninmu da yawa sunka sha, yanzu ko ɗakin bulo ne da silin da tagar gilas mai zugewa da ƙofar ƙarfe, a kuma toshe ƙasan ƙofar da tsumma saboda ƙura. Al'adar ba ta canza ba amma ɗakin ya canza.

Ɗakin kwana

Nan ba ni da sassauci ko kaɗan. Ɗakin da za a yi barci a rufe ba a barin wuta maras bututu a kunne, ko gas ko kalanzir ko gawayi. Ko a Amurka inda ake ƙera irin waɗanga hitoci da ka'ida, dokar gas ɗinsu ba ta yarda a sa maras bututu wadda ta wuce BTU 10,000 a ɗakin kwana ba, wato kusan kilowat 3, a banɗaki kuma 6,000, jihar Kalifoniya ma ta hana amfani da su cikin gidajen zama gaba ɗaya. Su ke nan da ke da masu duba gini da na'urar ƙararrawa a gidaje da yawa, ina ga mu.

To mi za a yi? In kana da wutar lantarki, hitar lantarki ita ce amsa mafi sauƙi don ba ta ƙona komi, ba ta fidda wata iska, ba ruwanta da bututu. Haɗarinta gobara ne da wayarin gida. Akwai mai mai a ciki wadda ta yi kama da lagireton mota, ba ta ja, tana jinkirin ɗaukar zafi amma tana riƙe shi ko an ɗauke wuta, ita na fi so ga ɗakin yara da tsofaffi. Akwai mai fanka da ke huro zafi nan take amma tana tada ƙura tana ƙara busar da maƙoshi. Akwai mai sanduna masu ja, yawanci kowace sanda wat 400 ce, wannan tana gasa abin da ke gabanta ne kawai kuma ita ta fi saurin kama labule ko gidan sauro. Kowacce ka saya ka karkata ta tana kunne ka gani ko za ta mutu da kanta, in ba ta mutu ba a bar ta a shago.

Ɗaki ciki ɗaya irin namu mai ƙafa 12 da 12, wat 1,000 zuwa 1,500 ta ishe shi har ta yi yawa, don lissafin da ake yi a ƙasashen sanyi ma wat 10 ne ga kowace murabba'in ƙafa. Sai dai ka sani hita mai wat 1,500 in ta yi awa 4 ta cinye yunit 6 a mita. A jona ta kai tsaye ga soket na bango, kar a bi da ita ta irin doguwar wayar nan ta cajin waya mai baki huɗu, mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9, siririyar waya narkewa take yi. Bayan rabin awa ka taɓa filogin, in ya yi zafin da ba ka iya riƙewa to soket ɗin na da matsala, a kira mai gyara. Masu sola kuma don Allah ku yi lissafi kafin ku kashe batiranku: batir mai 200Ah na bolt 12 gaba ɗayansa yunit 2.4 ke ciki, rabinsa ya kamata a ci in irin na ruwa ne, ke nan hitar wat 1,500 ba za ta cika awa ɗaya a kansa ba. Ƙaramin janareta ɗan tiga shi ma ba ya ɗaukarta, ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba. Bargon lantarki ya fi dacewa da mai sola, wat 60 zuwa 100 kawai yake ci.

Kuma tunda an ambaci janareta, shi salansarsa ta fi kasko aman kabon monoksaid nesa ba kusa ba. Na san tsoron ɓarayi ke sa a shigo da shi baranda ko lungun da ke jikin taga ko ma kicin, amma shawarar masu kiwon lafiya ita ce a nisanta shi kamar mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa na kallon waje. A yi mashi keji da kwaɗo ya fi.

In ba wuta ba sola, wanda shi ne halin mafi yawan ƙauyukanmu, dabarar ita ce a ɗumama ɗakin kafin kwanciya ba lokacin kwanciya ba. Ni da za a bi tawa gawayi ba zai shiga ɗaki ba sam, amma na san za a shiga da shi, to aƙalla a hura shi waje, a shigo da shi ƙofa na buɗe mutane na farke suna hira, in an tashi kwanciya a fitar da kaskon tsakar gida a kashe, a bar ƙofa buɗe 'yan mintoci iska ta sauya sannan a rufe. Bango da katifa sun riga sun ɗau ɗumi, musamman ɗakin ƙasa mai rufin azara da ke riƙe zafi da kyau. Sai a haɗa da bargo, safa, hular sanyi, da jarka ko gorar roba mai kauri da anka cika da ruwan zafi anka naɗe da zane a sa wajen ƙafa. Tabarma ko kwali ƙarƙashin katifar da ke kan siminti shi ma yana rage sanyi fiye da yadda ake zato.

Ɗakin mai jego nan ne na fi jin tsoro wallahi, saboda nan ne ake haɗa komi wuri ɗaya: kaskon garwashi ƙarƙashin gado ko gefensa, turaren wuta, taga a toshe wai kar iska ta shigi jariri, ga mai jego da ta zubar da jini ga ɗan jinjiri mai saurin numfashi. Jarirai da masu ciki da masu ƙarancin jini da masu sikila da masu ciwon zuciya su ne kabon monoksaid ke fara kayarwa, ɗan da ke ciki ma ya fi uwarsa cutuwa. Iyayenmu mata, Inna, Gwaggo, ku yi haƙuri ba raina tarbiyyarku ake ba, a ɗumama ɗakin a fitar da wutar, a rungume yaron a ƙirji fata da fata a lulluɓe su tare, ɗumin jikin uwa shi likitoci ke ba da shawara ko ga bakwaini. Mai gida kuma in kana da halin sayen ragon suna to kana da halin hitar lantarki ƙarama.

Inda mai bututu ke biyan kuɗinta

Gaskiya ga mafi yawan gidaje a Birnin Kebbi ko Jega, sanyin da bai wuce wata biyu ba bai kai a fasa bango a kafa hitar gas mai bututu ba, tana da tsada, samunta sai an yi oda, mai haɗa ta da kyau ma sai an nema. Amma akwai wuraren da ta cancanta: ɗakin tsoho ko majinyaci da ke buƙatar ɗumi har safe, ɗakin kwanan ɗalibai, ɗakin haihuwa na ƙaramin asibiti, masauki. Duk inda mutane da yawa za su kwana kuma wuta za ta kwana tana ci, bututu ya zama dole.

Iri biyu ne. Akwai wadda ke jan iskar ƙonuwa daga cikin ɗaki ta tura hayaƙi sama ta bututu, ita wannan tana son a bar mata ɗan wurin shigar iska, in an toshe ɗakin ruf ko fankar fidda iska na aiki a kicin kusa, hayaƙin na iya juyowa baya. Akwai kuma mai bututu biyu ɗaya cikin ɗaya da ke ratsa bango, na waje na jawo iska daga waje na ciki na fidda hayaƙi, wutar tana cikin akwati a rufe ba ta haɗuwa da iskar ɗaki ko kaɗan. In za ka kashe kuɗi don ɗakin kwana wagga ta biyun za ka nema, kuma da yawansu ba su buƙatar lantarki. A lura bakin bututun kar ya fito ƙarƙashin taga ko cikin lungun da iska ba ta wucewa.

Akwai hanyar talaka kuma, murhun ƙarfe da mai walda zai ƙera da rabin duro ko farantin ƙarfe mai kauri, da ƙofa mai rufuwa da bututu. Yana aiki in an yi shi da hankali. Bututun ya riƙa hawa sama ne kullum, kar ya kwanta dogon zango kar ya yi lanƙwasa da yawa, ya ɗara ƙololuwar rufi, a yi mashi hula saboda ƙura da tsuntsaye. Inda ya ratsa bango ko kwano a zagaye shi da yumɓu ko bulo, kar ya taɓa katako ko silin roba, ɗakin jinka kam a manta da zancen. Ranar farko a hura shi da ɗanyen ganye ko tsumma da rana a tsaya a duba duk mahaɗa, inda hayaƙi ya leƙo a sake like shi. Farkon kowane hunturu a zura sanda a kakkaɓe baƙin da ya taru, don zanzaro da tsuntsaye na son gina gida cikin bututun da ya yi wata goma ba a taɓa ba, bututun da ya toshe kuma ya koma maras bututu ke nan, har ya fi muni don kowa ya saki jiki da shi.

Falo da zaure da shago

Nan ne hitar gas maras bututu ke da wurin zama, wato inda ake zaune a farke, wuri mai faɗi, ana shiga ana fita. Wadda anka fi gani ita ce mai taya da ake sa tukunyar gas a bayanta, gabanta faranti uku masu ja, ƙarfinta kilowat 4.2 in an kunna duka, tana shan kusan giram 300 a awa, ke nan tukunya mai kilo 12.5 za ta yi wajen awa 40. A faranti ɗaya kuwa, wanda shi ya ishi falonmu, ta ninka haka sau uku. Kar ka biye ma son babba, hitar da ta fi ƙarfin ɗaki saurin cinye iskar ɗakin kawai take yi.

Abin da za ka tambaya kafin ka biya shi ne na'urar da ke lura da oksijin, a jikin kwali ana rubuta ODS. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, in ta sauka wajen kashi 18 ƙaramar wutar da ke gefe sai ta janye, gas ya yanke da kansa. A Amurka tun 1980 anka wajabta ta. Sai dai abu biyu: na farko oksijin take aunawa ba kabon monoksaid ba, hita mai datti na iya fidda guba alhali oksijin bai sauka ba. Na biyu, kuma wannan namu ne na nan, ƙurar hunturu na toshe ɗan ramin na'urar sai hitar ta riƙa mutuwa haka kawai, a kai ma mai gyara shi kuma ya ɗaure ta ko ya cire ya ce ya gyara. Kar ka yarda. Hura ramin ake yi da iska a share da burushi mai laushi, in an gama aiki da ita a lulluɓe ta bayan ta huce.

Taga kuma a bar ta a ɗan buɗe kamar faɗin yatsa biyu ko uku duk lokacin da take ci, awa biyu zuwa uku a kashe a sha iska. Tsakaninta da labule, kujera, katifa, kayan shanya a bar mita ɗaya ta kowane gefe, kuma ba a shanya rigar makarantar yara a kanta. Harshen wutar gas shuɗi ya kamata ya zama, ɗan tartsatsin ja da ƙura ke kawowa ba komi, amma in ya koma rawaya yana lilo yana barin baƙi a bango, kashe ta. Tiyo da regileta a shafa masu kumfar sabulu a ga ko za ta yi ƙwai, ba a gwada yoyo da ashana. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya, to wanda ke kwance kan tabarma da kaskon turare a gefe shi ne a bakin haɗari.

Turawa na yawan kukan cewa maras bututu na jiƙa ɗaki, kuma haka ne, kilo ɗaya na gas in ya ƙone yana fidda ruwa fiye da lita ɗaya da rabi a matsayin tururi. A wurinsu matsala ce don bango na yin fumfuna, mu ko da hunturu iskarmu a bushe take ƙamas, wannan bai dame mu ba, sai dai ɗakin kwano maras silin za ka ga raɓa na ɗigowa da asuba. Mai asma dai ya kiyaye, ƙonuwar gas na fidda wata iskar da ke tada ciwon ko da komi na aiki daidai.

Shago ya danganta da abin da ke ciki. Mai shayi da rumfarsa a buɗe, mai gadi a bakin get, 'yan kasuwa da ke jin ɗumi a fili, ba su da matsalar iska, tartsatsi kawai za su kula da shi don iskar hunturu ba ta da wuyar ɗaukar wuta zuwa rumfar maƙwabci. Amma tela mai tarin yadi, mai saida katifa, mai fenti, mai saida fetur a galan, waɗanga ko kusa kar wuta mai harshe ta shiga. Mai gadi kuma haɗarinsa na zuwa ne ƙarfe ukun dare lokacin da sanyi ya ishe shi ya ja kaskon cikin ɗan ɗakinsa ya turo ƙofa, in kana da mai gadi saya mashi babbar rigar sanyi da bargo ka kuma faɗa mashi dalili. Masallaci da asuba bai buƙatar komi in ban da a rufe tagogin gabas da arewa inda iskar ke bugowa, jama'a na da yawa zaman kuma gajere ne. Makarantun allo da ke karatu gefen wutar kara a fili lafiya lau, matsalar sai in yara sun kwashi garwashin sun shiga da shi ɗakin kwana, malamai a sa ido nan.

Hitar kalanzir ban cika ba da shawararta ba yanzu, man ya yi tsada kuma ga matsalar wanda anka gauraya da fetur da ke fashewa. Wanda ke da ita ya zuba mai a waje bayan ta huce, ya gyara lagwani, sauran ka'idar duk irin ta gas ce.

Masu kiwon kaji

Ku kam dole ku kwana da wuta, don ɗiyan tsaki a satin farko suna son zafi 32 zuwa 35, ana rage kamar 3 duk sati har su yi gashi. Yawancinmu kaskon gawayi ko tukunyar ƙasa muke sawa a zagaye ɗakin da leda, to kuskuren da ake yi shi ne a like ledar ruf har sama, da safe a tarar da tsaki sun mutu a ce ciwo ne ko a zagi mai ƙyanƙyasa. A rufe ƙasa inda iska ke bugun su, a bar sarari ta sama a ɓangarori biyu. Kaskon a ɗora shi kan bulo a zagaye da waya, don ɓuntun shinkafar da muke shimfiɗa masu in ya kama a hankali yake ci ta ƙasa ba a gani. Su tsakin za su gaya maka gaskiya, in sun dunƙule jikin wuta sanyi suke ji, in sun gudu bango suna haki zafi ya yi yawa, in ko sun yi lis suna layi kai ma da ka shiga kanka ya sara, to iska ce, ɗaga leda maza. Wanda ke zuba tsaki 500 zuwa sama kowane zagaye, murhun duro mai bututu zai fi mashi, ana ma iya sa bakin murhun ta waje a riƙa zuba icce ba sai an shiga ba. Yaron da ke kula da su kar ya kwana ciki.

Kayan gwanjo da ke shigowa ta Kwatano a duba su da kyau. Hitar gas da anka ƙera don gas ɗin bututun gari na Turai ramin wutarta ya fi faɗi, in ka jona mata tukunya za ta yi ta baƙin hayaƙi da babban harshe, a jikin farantin bayanta za ka ga an rubuta LPG in ta tukunya ce. Ta lantarki daga Amurka kuma ta bolt 120 ce, tamu wutar 230 ce, tana shiga soket za ta ƙone.

Duk wanda ke kunna wani abu mai wuta cikin gida, ko mai bututu ne, ya nemi ƙararrawar kabon monoksaid. 'Yar ƙarama ce mai batir, daban take da mai jin hayaƙi, a bayanta a duba ko an rubuta EN 50291 ko UL 2034, a rataye ta kusa da inda ake kwana, a riƙa danna maɓallin gwaji, kuma tana da ranar mutuwa, shekara 5 zuwa 10 gwargwadon iri.

In kuma abin ya faru, wato an shaƙi gubar, alamar da ta fi saurin tona shi ita ce mutanen ɗaki ɗaya su tashi da ciwon kai da amai lokaci guda, in sun fita waje su ji sauƙi. Sau da yawa sai a ce maleriya ce, ko abincin dare, ko a ce iskokai ne a tsaya ruƙiyya cikin ɗakin da gubar take. A buɗe ƙofa da tagogi, mai shiga ya riƙe numfashi ya jawo su waje, wanda ya suma amma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe don kar amai ya shaƙe shi. Ba a ɗura ma wanda ya suma madara ko manja, ba su fidda wagga iskar daga jini kuma suna iya bi ta huhu. Maganinta oksijin ne, a nufi asibitin da ke da shi, a Birnin Kebbi akwai Sir Yahaya da asibitin tarayya, a garuruwa kuma babban asibiti mafi kusa, a gaya ma likita kai tsaye cewa an kwana da gawayi ko janareta. Ko wanda ya farfaɗo ya ce ya warke a tafi da shi, musamman mai ciki da yaro, don illar na iya dawowa bayan kwanaki ta hanyar mantuwa da rikicewa, kuma kar kowa ya koma ɗakin sai an fitar da wutar iska ta ratsa shi sosai.